Yadda Ake Dafa Shayin Sida Irin na 'Yan Asalin Arewacin Amurka

A yankin Manyan Tafkuna da ke tsakanin Kanada da Amurka, idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, bishiyoyi suka kakkaɓe ganyensu, akwai wata bishiya da takan ci gaba da zama kore shar a bakin fadamu da gefen tafkuna. Mutanen Anishinabe, waɗanda suka haɗa da Ojibwe da Odawa da Potawatomi, suna kiranta giizhik, wasu kuma saboda girmamawa sukan ce Nookomis Giizhik, wato Kaka Sida. Sida kuwa daga sunanta na Turanci ne, wato cedar, masana tsirrai kuma sun sa mata suna Thuja occidentalis. Da ganyenta ake dafa shayin da wannan jagora zai yi bayani a kansa.

Tun daga farko ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda, domin duk matakan da za su biyo baya a kansa suka doru: wannan shayi magani ne a wurin masu shi, ba irin shayin da ake kurɓa safe da yamma da burodi ba ne. Giizhik na ɗaya daga cikin tsirrai huɗu da Anishinabe suke ɗauka da tsarki, sauran ukun su ne taba, wadda suke kira asemaa, da wata ciyawa mai ƙamshi da ake kitsawa kamar gashi mai suna wiingashk, da wani ganye mai launin toka da ake turare da shi mai suna mashkodewashk. Suna shan ruwan sida idan mura ko tari ko zazzaɓi ya kama mutum, suna wanka da shi, suna shimfiɗa rassansa a ɗakin gumi da suke shiga domin ibadarsu. Wanda ya fahimci wannan matsayi ba zai yi gaggawar cika tukunya da ganye ba, kuma ba zai sha kofi uku a zama ɗaya ba.

Labarin da ya sa duniya ta san bishiyar

A lokacin hunturun 1535 zuwa 1536, jiragen ruwan Bafaranshen nan Jacques Cartier sun maƙale cikin ƙanƙara kusa da ƙauyen Stadacona, inda birnin Kwibek yake a yau. Cutar ƙarancin bitamin C ta afka wa mutanensa: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora suna girgiɗi, ƙafafu sun kumbura sun yi baƙi. Cikin mutum 110, ashirin da biyar sun mutu, kuma waɗanda suke iya tsayawa da ƙafarsu ba su kai goma ba. Domagaya, ɗan shugaban ƙauyen mai suna Donnacona, shi ne ya nuna musu maganin. An kawo rassan wata bishiya da mutanen wurin suke kira annedda, aka tafasa ganye da ɓawo, marasa lafiya suka sha, cikin 'yan kwanaki suka miƙe. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ainihin bishiyar, amma da yawansu sun fi karkata ga cewa sida ce, kuma daga baya a Turai aka yi wa sida laƙabi da arborvitae, ma'ana bishiyar rayuwa a harshen Latin. Abin da yake ci mini rai a labarin shi ne sakayyar da aka yi: a watan Mayun 1536 Cartier ya kama Donnacona da Domagaya da wasu mutanensu ya tafi da su Faransa, kuma Donnacona bai sake ganin gida ba. Duk wanda zai sha wannan shayi ya kamata ya san daga hannun da ilimin ya fito.

Mataki na farko: tabbatar da bishiyar

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, domin kuskure a nan yana iya kaiwa ga asarar rai. Kalmar sida a bakin mutanen Arewacin Amurka tana hawa kan bishiyoyi da dama waɗanda ba dangin juna ba ne na kusa, saboda haka suna kaɗai bai isa ba, sai an duba da ido, an taɓa da hannu, an shinshina.

Ganyen giizhik ba allurai ba ne irin na sauran bishiyoyin da ba sa kaɗe ganye. Ƙananan ɓawo-ɓawo ne da suka hau kan juna kamar ɓawon jikin kifi, suka manne wa reshe, reshen kuma ya baje faifai kamar mafici, yadda idan ka ɗora shi a tafin hannunka zai kwanta shafal kamar an goge shi da dutsen guga. Samansa kore ne mai ɗan duhu, ƙasansa ya fi haske yana ɗan karkata zuwa rawaya. 'Ya'yanta ƙananan ƙwanso ne masu tsawon kimanin santimita ɗaya, kore idan ɗanye ne, ruwan ƙasa idan sun bushe sun buɗe. Ɓawon jikin bishiyar ja-ja ne mai haɗe da toka, yana saɓulewa a tsaye kamar zare-zare. Ka tsinki ɗan ganye ka murza tsakanin yatsu: ƙamshi mai ƙarfi zai tashi nan take, mai sanyi da ɗan zaƙi, kuma zai daɗe a yatsunka. Bishiyar tana son fadama mai sanyi da ƙasa mai farar ƙasa, kuma a jikin duwatsun Niagara da ke Ontariyo an samu wasu ƙanana, karkatattu, da shekarunsu suka haura 1000.

Abin da ake tsoro a rikita ta da shi shi ne bishiyar da masana suke kira Taxus, wadda take girma a dazuzzuka iri ɗaya, ana kuma shuka ta a ƙofar gidaje. Ganyenta guba ne mai tsayar da zuciya. Bambancin a fili yake ga wanda ya lura: ganyen Taxus allurai ne masu faɗi da laushi, kowanne a ware, jere biyu a gefen reshe, kuma tana yin 'ya'ya jajaye masu nama da rami a tsakiya. Akwai kuma wadda ake kira jar sida ta gabas, Juniperus virginiana, wadda rassanta ba su baje ba, sabon ganyenta yana suka, 'ya'yanta kuma shuɗi-shuɗi ne. Ita ma ba ita ake nufi ba. A gaɓar tekun Fasifik, mutanen Salish da Haida da maƙwabtansu suna da tasu sidar, Thuja plicata, babbar bishiya da suke sassaƙa kwale-kwale da ita, suna saƙa da ɓawonta, kuma tana da nata ƙa'idojin a wurinsu.

Ga mai karatu da ke Kano ko Abuja ko Jos, akwai gargaɗi na musamman. A lambunan ma'aikatu da otal-otal ana shuka wata ƙaramar bishiyar ado mai ganye kama da wannan, wadda asalinta daga ƙasar Sin ne, sunanta Platycladus orientalis. Rassanta a tsaye suke kamar shafukan littafi, 'ya'yanta masu ƙahonni ne. Ba giizhik ba ce, kuma masu kula da lambu sukan fesa mata maganin ƙwari. Wannan jagora bai shafe ta ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Ontariyo ko Kwibek ko Manitoba ko Minesota ko Mishigan, da waɗanda suka sayi busasshen ganyen daga hannun masu sayarwa na ainihi. Kuma ko a can, shawarata ita ce karo na farko kada mutum ya tsinka shi kaɗai, ya samu wanda ya san bishiyar ya nuna masa.

Mataki na biyu: tsinko ganye

Anishinabe ba sa tsinkar magani haka kawai. Kafin a yanki reshe sai a ajiye ɗan asemaa a gindin bishiyar, a faɗi abin da ake bukatar ganyen dominsa, a yi godiya. Wannan al'adarsu ce da imaninsu, kuma ba a bukatar baƙo ya kwaikwayi ibadar da ba tasa ba. Amma ladabin da ke cikinta ya shafi kowa: kada a ɗebi abin da ya wuce bukata, kada a yi wa bishiya illa, kada a shiga ƙasar mutane ba izini. Filayen da aka keɓe wa al'ummomin 'yan asali suna da masu su, kuma a gandayen shaƙatawa na gwamnatin Kanada doka ta hana tsinkar tsirrai. Yana da kyau a tuna cewa waɗannan al'adu sun sha matsi: a Kanada an haramta wasu bukukuwan 'yan asali daga 1885 har zuwa 1951, a Amurka kuma sai a 1978 aka yi dokar da ta kare 'yancin addininsu. Abin da suka riƙe duk da wannan wahala bai kamata a ɗauke shi da wasa ba.

A aikace, ka nemi bishiya mai lafiya da ke nesa da babbar hanya, domin hayaƙin motoci da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara suna taruwa a ganye. Ka guji shingen gidaje idan ba ka da tabbacin ba a yi masa feshi ba. Ka yi amfani da almakashi mai kaifi, ka yanki ƙarshen rassa masu kore, tsawon tafin hannu, kada ka fizga, domin fizga tana yage ɓawo ta bar rauni. Ka ɗauki kaɗan daga wannan bishiya, kaɗan daga waccan, ka bar ƙananan da ba su girma ba, ka kuma bar rassan ƙasa, domin su ne abincin barewa a tsakiyar hunturu lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Tafi ɗaya ko biyu ya isa tukunya guda. Ka zuba a jakar takarda ko ƙyalle, ba leda ba, don kada ganyen ya yi gumi.

Mataki na uku: gyarawa da wankewa

A gida, ka baza ganyen a faranti ka tsince: duk wanda ya yi ruwan ƙasa ko ya bushe ko yake da saƙar gizo a cire shi, haka ma ƙwanso da itace mai kauri. A wanke da ruwan sanyi sau biyu. Wasu sukan yayyanka ganyen ko su ɗan murje shi don ya saki ƙamshi, amma ga mai farawa na fi son a bar shi yadda yake, domin ganyen da aka daddatse yana sakin mai da yawa, shayin ya yi ƙarfi fiye da kima.

Mataki na huɗu: dafawa

Ana bukatar tukunyar ƙarfe marar tsatsa ko ta gilashi, da ruwa lita ɗaya, wato kimanin kofi huɗu, da cokali mai faɗi, da mataci. Gidaje sun bambanta a kan yawan ganye. Akwai masu zuba har kofi biyu na ɗanyen ganye a wannan ruwa, amma wanda jikinsa bai saba ba ya fara da tafi ɗaya. Idan busasshe ne, rabin wannan ya wadatar.

A ɗora ruwan shi kaɗai har ya tafasa, sannan a zuba ganyen, a rage wuta sosai yadda ruwan zai riƙa motsi a hankali ba tare da ɓararraka ba. A bar tukunyar a buɗe. Wannan ya saɓa wa abin da muka saba idan muna dafa ganyen shayi, inda ake rufewa don kada ƙamshi ya gudu, amma a nan ana so wani ɓangare na man ganyen ya fita tare da tururi. Minti goma ya isa. A cikin wannan lokaci za ka ga abubuwa uku suna faruwa: ganyen zai rasa korensa mai haske ya koma launin zaitun, ruwan zai rine ya zama ruwan zinariya mai haske kamar zuma da aka tsinka, ɗakin girki kuma zai cika da ƙamshin daji. Idan ruwan ya fara komawa ja mai duhu, an wuce gona da iri.

Na taɓa yin wannan kuskure a farkon koyona. Na ɗora tukunya na rufe, na tafi amsa waya, na dawo bayan kusan rabin sa'a na tarar ruwan ya ƙone ya koma rabi, launinsa kamar na jiƙon ɓawon maɗaci. Kurɓa ɗaya na yi na ji ɗaci ya riƙe mini harshe da maƙogwaro. Na zubar da shi a gindin bishiya, kuma daidai ke nan, domin irin wannan ba a gyara shi da ƙarin zuma. Doguwar tafasa tana lalata bitamin C da ake nema, tana kuma tattara abin da ba a so.

Abin da ba a so ɗin shi ne wani sinadari mai suna tujon, wanda yake cikin man ganyen. Kaɗan daga cikinsa jikin babba mai lafiya yana iya sarrafa shi, amma idan ya yi yawa yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, yana jawo amai da jiri, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Saboda haka, da ka sauke tukunyar, ka bar ta ta huta minti biyu ko uku, sannan ka karkata ta wajen haske ka dubi saman ruwan. Za ka ga wani siririn maiƙo yana sheƙi, wani lokaci da ɗan kumfa a gefe. Ka sa cokali a hankali ka kwashe shi ka zubar, ka maimaita har saman ya washe. Kwashewar ba ta fitar da sinadarin gaba ɗaya, tana rage shi ne, shi ya sa ƙa'idar yawan sha take nan daram ko an kwashe.

Mataki na biyar: tacewa da sha

A tace a mataci mai laushi ko farin ƙyalle mai tsabta, a zuba a kofi. Ɗanɗanonsa ba shi da nauyi: akwai ƙamshin itace, da ɗan sanyi a maƙogwaro, da ɗan bauri a ƙarshe. Abin zaƙin da ya fi dacewa da shi shi ne zumar bishiyar mafal, wadda ita ma 'yan asalin yankin ne suka fara dafa ta tun kafin zuwan Turawa, inda ake tafasa kimanin lita 40 na ruwan bishiyar kafin a samu lita ɗaya. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa. Idan babu, zuma tana yi. Ba a zuba madara. A sha da ɗumi, a hankali, kuma a karo na farko a tsaya a rabin kofi a ga yadda jiki zai karɓa.

Iyakar da aka fi sani ita ce kofi ɗaya a rana, na 'yan kwanaki kaɗan lokacin da ake fama da mura ko tari, sannan a dakata. Ba abin sha ba ne na kullum har wata da watanni.

Waɗanda bai kamata su sha ba

Mace mai juna biyu kada ta kusance shi ko kaɗan, domin yana iya motsa mahaifa ya jawo ɓari. Haka mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai farfaɗiya, da mai ciwon ƙoda ko hanta. Wanda yake shan maganin asibiti na yau da kullum ya tambayi likitansa tukuna. Man sida da ake sayarwa a ƙananan kwalabe kuwa, ba a shan sa ko ɗigo ɗaya, domin tujon ɗin da ke cikinsa a tattare yake, ba a kuma ɗiga shi a ruwan zafi a ce an yi shayi. Idan bayan sha mutum ya ji amai ko jiri ko rawar jiki ko bugun zuciya da ba a saba ba, ya daina, ya nufi asibiti, ya kuma tafi da sauran ganyen don a gane abin da ya sha. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu zuwa uku, ko tari mai jini, ko numfashi da ƙyar, aikin likita ne, kuma ga wanda ya dawo daga tafiya gida Najeriya ko Nijar, zazzaɓi yana bukatar gwajin maleriya kafin a yi zancen wani ganye.

Ajiya da sauran amfani

Shayin da ya rage ana iya zuba shi a kwalbar gilashi a sa a firji, a sha cikin kwana biyu, a ɗumama ba tare da an sake tafasa shi ba. Ɗanyen ganye yana yin kusan mako a firji idan an naɗe shi a ƙyalle, kuma yana daɗewa idan an daskarar da shi. Mai son busarwa ya baza shi a inuwa inda iska take shiga, kamar yadda muke busar da zogale, ba a rana ba, har ya riƙa karyewa idan an lanƙwasa, sannan a adana a kwalba ko jakar takarda a wuri marar haske. Tunda bishiyar ba ta kaɗe ganye, ana samun sabo duk shekara, saboda haka babu dalilin tara da yawa.

Ba lallai ne duk abin da aka dafa ya shiga ciki ba. Wanda hancinsa ya toshe yana iya yin sirace da tururin tukunyar, ya lulluɓa da tawul na 'yan mintoci, ya rufe ido, ya kuma nisanta fuskarsa yadda ba zai ƙone ba. Ana kuma dafa babbar tukunya a tace a zuba cikin ruwan wanka, abin da Anishinabe suke yi wa wanda ya yi jinya ko ya yi rashi. Mai fata mai saurin kamuwa ya fara shafa kaɗan a hannu ya jira ya gani. Ganyen da aka gama amfani da shi ba a jefa shi a kwandon shara tare da sauran datti. Masu al'adar sukan fita da shi waje su ajiye a gindin bishiya ko wani wuri mai tsabta da ba a takawa, inda zai ruɓe ya koma ƙasa.